Fanorama: Waya, Yanka, Ɗinki ko Ƙafa Uku, Wacce Za Ka Bi?

Duk wanda ya taɓa nuna wa 'yan'uwansa masu sha'awar ɗaukar hoto wata fanorama, wato faffaɗan hoton da ke kwaso wuri daga gefe zuwa gefe, da ya sha wahala a kanta, ya san inda idonsu ke fara sauka. Dutsen da ya burge shi ba ya gabansu, haka ma jan gajimaren da ya yi awa guda yana jira. Wayar lantarki suke bi da ido, ko ƙarfen gefen gada, ko layin da ruwa ya haɗu da sama, suna neman inda ya karye. Ni ma ban tsira ba. Hotuna tara na ɗinka, wato na haɗa su suka zama hoto ɗaya, a gwajina na farko, ina jin kamar ba a taɓa yin irinsa ba, sai wani da ya riga ni shiga harkar ya zuƙo gefen dama ya ce, “Malam, ƙarfen gadar nan taka ai ya yi matakala.” Na duba, ga shi kuwa, ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe ya rabu biyu, rabi ya ɗan hau, rabi ya ɗan sauka. Kwana biyu na yi ina kallon hoton ban lura ba.

Daga baya na gane cewa kowace hanyar yin fanorama tana da aibinta na gado, kuma wurin da kake ɗauka ne ke sa aibin ya fito ko ya ɓuya. Don haka kafin ka tambayi wace hanya ta fi, ka fara amsa tambayoyi uku. Abin da ya fi kusa da kai a cikin hoton, nisansa nawa? Akwai abin da ke motsi? A ina za a kalli hoton, a fuskar waya ko a jikin bango? Wanda ya amsa waɗannan ya yi rabin zaɓi tun bai taɓa aljihunsa ba.

Sha'awar ma ta girmi kamara. A 1787 wani mai zane, Robert Barker, ya yi rajistar dabarar zana gari sukutum a jikin zagayayyen bango, mai kallo ya tsaya a tsakiya yana juyawa, kuma da birnin Edinbura ya fara. Sunan daga Girkanci aka haɗo shi, kalmar “duka” da kalmar “gani”. Kwaɗayin bai canza ba har yau: mutum ya tsaya a wuri, abin da ke gabansa ya fi ƙarfin hoto ɗaya.

Jan waya

Wannan kowa ya san ta. Ka danna, ka ja wayar a hankali kana bin kibiya, ta haɗa maka hoton nan take. Sony ta sa wannan a kamararta HX1 a 2009, Apple ta kawo shi iPhone a 2012 tare da iOS 6, yau kuwa da wuya ka sami wayar da ba ta da shi. Abin da take yi shi ne ɗaukar hotuna da yawa a jere kamar bidiyo, ta yanki siririn yanki daga kowanne ta jera su. In wuri mai nisa ne kuma rana na haskawa, ɗinkin yakan fito sumul. Amma duk abin da ya gifta yayin da kake ja sai ya sha wuƙa: mota ta tsuke ta koma rabi, kare ya fito da ƙafa shida, mutum ya rasa kafaɗa. In haske ya ragu hoton ya yi dishi-dishi, don wayar tana tafiya ne lokacin da take ɗauka. In hannunka ya yi sama da ƙasa, layin da ƙasa ta haɗu da sama ya yi ta lanƙwasa kamar maciji. Galibi kuma gamammen hoto kawai za ta miƙo maka, ba RAW ba, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ba kuma guntayen da ta haɗa ba, saboda haka in ɗinki ya ɓaci a wuri ɗaya, sai dai a sake daga farko.

Kuskuren da na fi gani shi ne miƙa hannu gaba a juya jiki gaba ɗaya, wayar ta yi ta zagaya mai ita. Ka matso da ita, ka manna gwiwar hannu a jiki, wayar ta juya a inda take. Ka danna yatsa ka riƙe a kan allo don haske da saiti, wato nisan da zai fito tangaran, su kulle kafin ka fara ja. Kuma ba dole sai kibiya ta kai ƙarshe ba. Ka tsaya inda abin kallo ya ƙare.

Hoto ɗaya, a yanke sama da ƙasa

Masu sha'awa da yawa suna raina wannan, suna ganin kamar maguɗi ce. Ni ina ganin ita ce hanyar da aka fi zalunta. Ka ɗauki hoto guda da gilashin kamara, wato lens, mai faɗin gani, ka datse sama da ƙasa, ya zama dogo. Babu ɗinki, saboda haka babu inda zai ɓarke. Igiyar ruwa, taron jama'a, tsuntsaye a sama, 'yan tsere, duk an kama su a ƙiftawa ɗaya. Shahararriyar kamarar nan ta fim, Hasselblad XPan, da ta fito a 1998, hoto ɗaya take ɗauka mai tsayin milimita 24 da faɗin 65, kuma babu wanda ya taɓa cewa abin da take fitarwa ba fanorama ba ce.

Abin da za ka biya shi ne fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto. Kamara mai megafiksel 24 tana ba ka 6000 a faɗi da 4000 a tsayi. In ka yanka faɗi ya ninka tsayi sau uku, ka koma 6000 da 2000, rabin hoton ya tafi kwandon shara. Sai dai a tambaya, shin ya dame ka? Fiksel 6000 a kan ɗigo 300 a kowane inci zai ba ka bugu mai faɗin inci 20, wajen santimita 51. In ka sauko ɗigo 200, wanda ya wadatar ga hoton da za a kalla daga ɗan nesa, ka sami santimita 76. Ga fuskar waya kuwa ya yi yawa ma.

Matsalar gaske tana wani wurin. Gilashin 16mm (gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ganin gilashi) a kan cikakkiyar sensa, wato babban faifan da ke kama hoto a cikin kamara, yana ganin digiri 97 ne a kwance, na 14mm kuma wajen 104. In wurin ya fi haka faɗi, ka kai bango. Sannan irin wannan gilashi yana miƙe abin da ke gefe, mutumin da ya tsaya a ƙarshen hoto ya yi faɗi kamar an murje shi, dutsen da ya cika maka ido a fili kuma ya koma ɗan tudu can nesa. Wanda ya taɓa dawowa daga tsauni ya buɗe hotunansa ya ji takaici ya san abin da nake nufi.

Ɗinki da kamara a hannu

A nan mafi yawan masu sha'awa suke yada zango, nan ma na fi daɗewa, don haka bari in zauna a kai. Kana ɗaukar hotuna daban-daban a jere, kowanne yana hawa kan na kusa da shi, ka kai kwamfuta manhaja ta ɗinke. Lissafi kaɗan zai nuna ribar. Gilashin 50mm a kan cikakkiyar sensa yana ganin digiri 40 a kwance, 27 a tsaye. In ka tsayar da kamarar, kowane hoto zai ci digiri 27 na faɗin wurin. Ka bar kashi ɗaya cikin uku yana hawa kan na gaba, kana matsawa digiri 18 kowace dannawa, hotuna bakwai sun rufe maka digiri 120 har da rara. Da kamarar nan dai mai megafiksel 24, za ka tashi da hoto mai faɗin fiksel wajen 17,000, tsayi 5,000 da ɗoriya bayan an share gefuna. A ɗigo 300 ya kusa mita ɗaya da rabi. Abin da ya fi wannan daɗi ma shi ne dutsen nan ya tsaya da girmansa, don da 50mm ka ɗauke shi.

Tsayar da kamara ba ado ba ne. Hannun mutum ba ya tafiya a layi, wani hoton zai ɗan hau, wani ya ɗan sauka, bayan ɗinki sama da ƙasa su yi haƙora. Dole ka datse su, kuma in a kwance ka ɗauka, abin da zai rage maka siririn ɗamara ne kawai.

Sharaɗin wannan hanya shi ne ka hana kamara yin tunani. Ka koma yanayin M, inda kai ke saita komai da hannu, ka auna haske a wurin da ya fi haske cikin abin da kake son ya fito, ka tsayar da ƙofar haske a f/8 ko kusa da haka, ka tsayar da ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, ka zaɓi saurin ɗauka da hannu ba zai girgiza hoton ba. Ka saita gilashi sau ɗaya ka kashe saitin kai-da-kai. Daidaiton launi ma ka kulle shi, ko da yake mai ɗauka da RAW zai iya daidaita wannan daga baya. In ka bar wa kamara, hoto na uku zai fi na huɗu haske, sama ta fito ratsi-ratsi. In kana da gilashin nan mai tace ƙyalli a gaban kamara, ka cire shi. Ƙarfinsa yana kaiwa ƙololuwa ne a sashen sama da ke digiri 90 daga rana, saboda haka a faffaɗan hoto zai bar maka baƙin tabo a wuri ɗaya, sauran sama fari-fari. Duhun kusurwa da gilashi ke yi shi ma ka gyara shi a kowane hoto kafin ɗinki. Inda babu abin kamawa, kamar tsurar sama ko shimfiɗaɗɗen ruwa, ka bar rabi yana hawa kan rabi, don manhaja alamomi take nema ta gane inda hotuna biyu suka haɗu.

Motsi kuwa sai dabara. Gajimare ba ya jiran kowa, ka yi sauri. In mutum yana tafiya hagu zuwa dama kai ma kana juyawa hagu zuwa dama, zai fito maka sau biyu ko uku kamar 'yan uku. Ka juya ta inda za ku yi gaba da gaba, ku haɗu sau ɗaya ku wuce.

Manhajojin ma akwai zaɓi. Lightroom ya sami ɗinkin fanorama a 2015, kuma abin da ya fi shi ne yana ba ka sakamakon a DNG, wani nau'in RAW, ka ci gaba da gyaran haske kamar ba a taɓa hoton ba. Amma in ya kasa, ya kasa, ba zai bar ka ka nuna masa inda ya ɓata ba. Hugin kyauta ne, an gina shi a kan aikin Helmut Dersch mai suna Panorama Tools, yana barinka ka dasa alamomin haɗi da hannunka, ka kuma rufe sashen da ba ka so daga wani hoto. Sai dai fuskarsa ba ta da fara'a, sabon shiga zai yi gumi. PTGui saye ake yi, daga tushe ɗaya ya fito da Hugin, ya fi sauri da sauƙin hannu. Shawarata, ka fara da abin da ke kwamfutarka, kada ka nemi na gaba sai ranar da na farko ya ba ka kunya.

Akwai kuma zaɓin da sabon shiga yakan tsallake, wato yadda za a shimfiɗa zagayayyen wuri a kan takarda. Shimfiɗa irin ta bango, wadda Lightroom ke rubuta wa Perspective, tana barin miƙaƙƙun layuka a miƙe, ta dace da gine-gine, amma da an haura digiri 100 zuwa 120 gefuna sun fara miƙewa fiye da kima. Irin ta ganga, Cylindrical, tana barin abin da ke tsaye a tsaye, tana ɗaukar kowane faɗi, sai dai titi ko katangar da ta ratsa gabanka za ta yi baka. Irin ta ƙwallo, Spherical, ita ce ta jeri biyu ko uku da na zagaye cikakke. Hotuna iri ɗaya, sakamako uku mabambanta. Ka gwada duka kafin ka yanke hukunci cewa ɗaukar ce ta lalace.

Ƙafa uku da kan fanorama

Yanzu mu koma kan ƙarfen gadata. Ka miƙa yatsa gabanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan. Yatsan zai yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Haka ke faruwa in kamara ta goce daga wurinta tsakanin hoto da hoto: abu na kusa ya matsa a kan abu na nesa, manhaja ta rasa wanda za ta bi. In ta daidaita dutse, ƙarfe ya karye, in ta daidaita ƙarfe, dutse ya rabu. In abu mafi kusa yana can nesa, mita gommai, gocewar ba ta kai a gani ba, shi ya sa ɗinkin hannu ke cin nasara a tsaunuka da birni daga saman bene. In kuwa akwai fure a mita ɗaya, ko shinge, ko kana cikin ɗaki, nan take asiri zai tonu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba sai bayan sun saya shi ne, mariƙi mai ƙafa uku shi kaɗai ba ya maganin wannan. Ramin da ake ɗaura kamara yana ƙarƙashin jikinta ne, alhali wurin da ya kamata ta juya a kansa yana cikin gilashi, daidai inda kake hango ƙofar haske in ka leƙa ta gaba. Aikin kan fanorama, ko ɗan dogon ƙarfen da ake zame kamara a kai, shi ne ja da ita baya har wannan wuri ya hau kan tsakiyar juyawa. Gano shi ba wuya. Ka sami sanda a kusa da gefen gini a nesa, ka jera su a tsakiyar hoto, ka juya hagu ka juya dama. In sun rabu, ka zame kamarar gaba ko baya har su daina rabuwa, ka yi alama a jikin ƙarfen. In gilashinka mai zuƙowa ne, kowane tsayi da wurinsa. Ka kuma tabbatar gindin da ke juyawa ne ya daidaita, ba kamarar kaɗai ba, in ba haka ba za ka fara a daidai ka ƙare a karkace.

Ladan wannan wahala shi ne abin da sauran hanyoyi ba sa iyawa: cikin gini, dare da taurari, jeri biyu ko uku, da wurin da haske da duhu suka yi nisa har sai ka ɗauki hoto uku a kowace tsayawa, bakwai su zama 21. Kuɗinsa kuma nauyi ne da lokaci. Na sha ganin mutum yana ɗaure-ɗaure da kwance-kwance har jan yamma ya dushe, na kusa da shi mai kamara a hannu ya gama ya zauna. Ga wanda ba ya rabuwa da hannu, akwai tsaka-tsaki: ka sa babban yatsa ƙarƙashin gilashin, ka juya kamarar a kansa, kai ka riƙa zagaya ta. Bai kai ƙarfe ba, amma ya fi juya ƙugu nesa ba kusa ba.

Kamarar digiri 360, irin Ricoh Theta da ta fara fitowa a 2013 ko Insta360, ba zan daɗe a kanta ba. Gilasai biyu ne baya da baya, dannawa ɗaya ta kwashe komai har da kai mai ɗauka. Ta dace da wanda yake son mai kallo ya riƙa juya hoto da yatsa. Fiksel ɗinta sun watsu a kan zagayen duka, in ka yanko yanki don bango za ka same shi da laushi.

Lokacin nuna wa 'yan'uwa

Tunda kowace hanya da aibinta, rabin gyaran da ake yi wa juna yana tafiya a banza ne saboda mai gyara bai san hanyar da aka bi ba. In za ka nuna, ka faɗi da me ka ɗauka, hotuna nawa, wane gilashi, wace shimfiɗa, da inda kake nufin a kalle shi. Ka ba da cikakken hoton, ka haɗa da yanki ɗaya ko biyu a ainihin girmansu, musamman inda kake zargin ɗinki. Ka kuma yi tambaya takamaimai. “Ya kuka gani?” amsarta “ya yi kyau” ce, ba ta ƙara maka komai. “Gefen hagu ya yi fanko ne, in datse?” ita ke jawo magana mai amfani.

In kai ne mai dubawa, ka bambanta kuskure da ɗabi'ar hanya. Titin da ya yi baka a shimfiɗar ganga ba ɓarna ba ce, sai dai ka tambaya ko mai hoton ya gwada ɗaya shimfiɗar. Ƙarfen da ya karye kuwa ɓarna ce, ka nuna wurin, ka faɗi dalili, don cewa “akwai matsala a ɗinki” ba tare da nuni ba wahalar da mutum ne kawai. Ina kuma da ƙorafi a kan mu masu farautar ɗinki, har da ni. Mukan manta da tambayar da ta fi girma: shin faɗin nan ya biya kuɗin sabulu? Fanorama da yawa ɗinkinsu ba aibi, amma ido ya shiga ta hagu ya fita ta dama bai sami wurin zama ba. Hoton da faɗinsa ya ninka tsayinsa sau shida, a fuskar waya zare ne. Sau da yawa gyaran da ya fi amfani shi ne a ce wa mutum ya zubar da hotuna biyu na ƙarshe, ya dawo ninki biyu da rabi ko uku. Zai ji zafi, don ya sha wahalarsu, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

To wacce za ka bi? In a waya za a kalla kuma wurin na nesa ne da rana, wayarka ta isa, kada kowa ya sa ka jin kunya. In akwai motsi, ruwa ko jama'a, hoto ɗaya ka yanka, ko da kana da duk kayan duniya a jaka. In shimfiɗar ƙasa ce mai nisa kuma kana mafarkin bango, ɗinkin hannu da gilashin 35mm zuwa 85mm shi ne inda ƙaramar wahala ke kawo babbar riba, kuma shi zan ce sabon shiga ya fara ƙwarewa a kai. Kan fanorama kuwa kada ka saya sai ka tara hotunan da suka lalace saboda abu na kusa ko saboda duhu, ka ga cewa irin wuraren da zuciyarka ke kai ka ke nan.

Ni yanzu in na isa wuri, hoto ɗaya mai faɗi nake fara ɗauka in ajiye, ko da ɗinki zai ƙi. Sai in ɗauki tafin hannuna, in yi jerin, in sake ɗaukar tafin hannu, don in na koma kwamfuta in san inda jeri ya fara da inda ya ƙare. Gadar nan ma na koma mata. Na matsa har bakin ƙarfen na jingina da shi, ya fita daga hoton gaba ɗaya, na yi bakwai a tsaye. Mutumin nan ya zuƙo dama, ya zuƙo hagu, ya bi layin ruwa daga farko har ƙarshe bai ce komai ba. Can sai ya tsaya a tsakiya ya ce, “Kwalekwalen nan biyu, masu tuƙin tagwaye ne?”